Na Rasa Ƙafa a Hanyar Kintampo, Labaran Masu Nasara Kuma Sun Ishe Ni

Assalamu alaikum Kawu. Ni direban babbar mota ne, ko in ce na taɓa zama. Shekarata 39, ina zaune a Aboabo nan Kumasi da matata da 'ya'ya huɗu. Shekara 17 na yi a hanya ina ɗauko albasa daga Nijar, biyar ina yaron mota, sauran ina riƙe da sitiyari. Wata 11 da suka wuce birki ya tsinke mini tsakanin Buipe da Kintampo, mota ta kife. Yaron motata ya tsira da ƙujewa, ni kuwa aka yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Mai motar ya biya kuɗin asibiti na farko, ya ba ni ɗan wani abu sau biyu, daga nan ya daina ɗaukar wayata.

Yanzu matata ke ciyar da mu da koko da ƙosai. Ƙarfe uku na dare take tashi. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ni nake yi mata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Surukata ta ce ta kwaso yara ta dawo gida har in samu abin yi. Yayana ya samo mini koyon gyaran waya a shagon wani yaro da na girme shi da shekara 15, har ya biya rabin kuɗin. Kwana uku na yi na daina, domin yaron ya aike ni sayen ruwa a gaban mutane. Yaya ya yi fushi, ba ya yi mini magana. Wani dare sai in ji da ma ban fito daga motar nan da rai ba. Wani ya ba ni shawara in tafi Akra in yi bara a inda ba wanda ya san ni, wai ana samu. Abokina kuma kullum sai ya turo mini bidiyo a WhatsApp na mutanen da suka tashi daga babu suka zama wani abu, ya ce in yi koyi da su. In na kalla sai in ji na ƙara ƙanƙancewa. Kawu, labaran nan gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya sa ni na kasa? Me zan yi?

Wani direba, Aboabo

Wa'alaikumus salam, ɗana. Sannu da jiki. Allah Ya sa abin da ya same ka ya zama kankarar zunubi, Ya saka wa mai ɗakinka da alheri.

Zan fara da maganar da ka cusa a tsakanin wasu kamar ba ka so in gan ta, wato fatan da kake yi wani dare cewa da ma ba ka fito da rai ba. Na gan ta. Ba zan yi maka wa'azi a kanta ba, don na san ba ƙarancin imani ne ya kawo ta ba. Mutumin da ya saba kwana a Paga ya yi azahar a Tamale, aka zaunar da shi a tabarma ɗaya wata 11, dole zuciyarsa ta yi ciwo. Likitoci sun san wannan ciwon. Yakan biyo bayan mummunan haɗari da yanke gaɓa, ya zo da rashin barci da saurin fushi da mafarkin abin da ya faru, kuma ana maganinsa. Ranar da za ka koma a duba maka dungun, ka faɗa wa likita maganar nan da bakinka kamar yadda ka rubuto mini ita, ka nemi a haɗa ka da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin Komfo Anokye yana da sashensu. In kuwa tunanin ya taɓa wuce fata ya fara zama shiri, kada ka jira ranar asibiti. Ka tayar da matarka, ko ka kira yayanka a daren, ko ƙarfe nawa ne, ko da yana fushi da kai. Zai zo.

To, mu zo kan labaran. Akasarinsu gaskiya ne, sai dai an cire musu ciki. Ka ɗauka wani ya tambaye ka yaya tafiyar Galmi zuwa Kumasi take, ka ce masa: mun loda, mun sauke. Ka yi ƙarya? Ba ka yi ba. Amma ka bar kwana ukun da aka yi a boda, da tayar da ta fashe a daji, da direban da ba ka sani ba da ya tsaya ya ara maka jak. Bidiyon minti biyu haka yake yi wa rayuwar mutum. Ya nuna maka bukka, ya nuna maka bene, ya bar ka kana tsammanin tsalle ɗaya aka yi.

Ɗauki wanda mu 'yan zango muka fi ambata, Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta taho nan Gana ta bar shi a hannun wata tsohuwa da ake kira Tata, daga nan sunan ya fito. Yaƙin basasar Kano ya rutsa da shi yana saurayi har aka kama shi, daga baya ya samu kansa. Ya zo Akra wurin mahaifiyarsa, ya shiga fataucin goro, yana cikin na farko da suka riƙa tura goro ta jirgin ruwa zuwa Legas maimakon wahalar ayari. Da jirgin ƙasa ya isa Kano ya shiga gyaɗa. A 1929 ne ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 banki, labarin da kowa ya haddace. Yanzu ka ƙirga: daga basasa zuwa raƙuman nan shekara 30 ce da ɗoriya. Sannan masu cewa daga babu ya tashi suna mantawa cewa Ba'agale ne, ɗan gidan fatauci, mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce. Ba shi da kuɗi a lokacin, haka ne, amma yana da sanin hanya da sanin mutane. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa, domin a nan ne labarinsa ya taɓa naka.

Ko Esther Ocloo, 'yar Peki, ɗiyar maƙeri, wadda aka haifa a 1919. Da ta gama makarantar Achimota ba ta da aiki. Gwaggonta ta ba ta sule 10, ta sayi lemo da sukari da kwalabe 12 ta dafa jam ɗin lemo, ta riƙa yawo da shi ofis ofis, 'yan ajinsu suna yi mata dariya wai mai ilimi ta koma 'yar talla. Kamfanin Nkulenu da ke Madina daga kwalaben nan ya tsiro, kuma tana cikin matan da suka kafa bankin tallafa wa mata na duniya, Women's World Banking. Masu ba da labarin suna son sule 10 ɗin. Ni kuwa gwaggon nake kallo, da makarantar da ta yarda ta fara saye a hannunta da yawa, wanda shi ya ba ta ƙafar tsayawa. Ba don su ba, da dariyar 'yan ajin ce ta zama ƙarshen labarin.

Wanda ya fi kusa da halinka shi ne Emmanuel Ofosu Yeboah. An haife shi a 1977 da nakasasshiyar ƙafar dama, uban ya gudu ya bar su, uwar ta riƙa goya shi zuwa makaranta har ya yi mata nauyi ya koma ɗingishi da ƙafa ɗaya. Yana ɗan shekara 13 ya tafi Akra yana goge takalma don ya taimaki uwar da ba ta da lafiya. A 2001 ya tuƙa keke da ƙafa ɗaya kimanin kilomita 600 a cikin Gana don mutane su ga nakasa ba mutuwa ba ce, daga baya aka sa masa ƙafar roba a Amurka. Ka san yadda ya samu keken? Wasiƙa ya rubuta wa wata ƙungiya a Kalifoniya ya ce su ba shi. Ya nemi abu ɗaya, a wurin da ya dace, don aiki ɗaya. Wannan ɓangaren bai cika shiga bidiyo ba, don ba ya sa tsigar jiki ta tashi.

Kuma don kada in zama kamar abokinka, bari in ba ka wanda bai ƙare da tafi ba. Filin ƙwallon da ke nan garinmu sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Ɗan Kumasi ne, ba a yi kamarsa a gefen fili ba a zamaninsa. A 1963 motar ƙungiyarsu ta yi haɗari a yankin Volta suna dawowa daga wasa, ya samu rauni a laka, aka kai shi har Ingila, bai sake taka ƙwallo ba, ya rasu a 1969 bai cika shekara 33 ba. Wa zai ce Baba Yara rago ne, ko bai yi ƙoƙari ba? Akwai abin da ƙoƙari ke gyarawa, akwai wanda sai dai a ɗauka a yi haƙuri. Naka, alhamdu lillahi, yawancinsa daga na farkon ne: gwiwarka tana nan, bayanka lafiya, hannuwanka biyu, kanka garau.

Saboda haka tambayarka ta me ya sa na kasa ba ta da wurin zama tukuna. Wata 11 ne. A ma'aunin mutanen nan ko Kintampo ba ka kai ba. Abokinka kuwa da kyakkyawar niyya yake yi, bai san abin da zai ce maka ba ne, sai ya bar waya ta yi magana a madadinsa. Ka gaya masa cikin raha cewa bidiyo ya isa haka, in yana son taimako ya zo da babur ranar Juma'a ya kai ka masallaci, ranar Litinin ya kai ka inda zan faɗa maka nan gaba.

Kafin nan, gida. Na lura ka gaya mini abin da surukarka ta ce, amma ba ka gaya mini abin da matarka ta ce a kai ba. Ina zaton ba ka tambaye ta ba, don kana tsoron amsar. Ɗana, matar da ke tashi ƙarfe uku ta hura wuta wata 11 ba tare da gori ba ta riga ta amsa da aikinta. Abin da zai kore ta ba rashin ƙafa ba ne, faɗan nan ne. Na san inda yake fitowa. Namiji ya saba shi ke ajiye kuɗin cefane, yau a ajiye masa, sai kowane kwano da aka miƙo ya ji kamar mari ne. Amma ita ba ta mare ka ba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud tana sana'ar hannu tana ciyar da mijinta da marayun da ke ƙarƙashinta, aka tambayar mata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ba a ce Ɗan Mas'ud ya ragu da komai ba, kuma ka san wane ne shi a cikin sahabbai. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka ba ta haƙuri a sarari, ka gaya mata ba ita kake jin haushi ba. Sannan ka shiga sana'ar tata da hannunka. Surfen wake, tace gasara, karɓar kuɗi da MoMo, wato ta waya, rubuta masu cin bashi, duk a zaune ake yi. Za a yi magana a unguwa, kwana nawa ne? Awa ɗaya ta barci da za ka ƙara mata ta fi maganar duk masu zaman benci.

Surukarka ma kada ka ɗauke ta abokiyar gaba. 'Yarta take gani tana ramewa, kowace uwa haka za ta ce. Ka je har gida ka gaishe ta, kada ka aika. Ka gode mata, ka faɗa mata abin da kake shirin yi da lokacin da ka ɗibar wa kanka. In ta ce yara biyu su riƙa cin abincin rana a wurinta, ko ta aiko da masara, ka karɓa da hannu biyu, jikokinta ne. Abin da nake roƙonka shi ne kada zafin zuciya ya sa ka ce wa matarka to ki tafi ɗin. Kalma irin wannan takan fita da sauƙi a irin halin da kake ciki, dawo da ita ne wahala.

Yayanka yana da gaskiya rabi. Ya cire kuɗi daga aljihunsa a wannan zamani, ka watsar cikin kwana uku ba tare da ka je ka yi masa bayani ba, dole ya ji ciwo. Kuskurensa shi ne ya zaɓa maka sana'a bai tambaye ka ba. Ya duba ya ga wace ce ake yi a zaune, bai duba ya ga wace ce ka riga ka sani ba. Shi kuma yaron shagon, kai ma ka san sabon shiga shi ake aika, daga Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, har tasha, kuma na tabbata yaran motarka sun sha sayo maka ruwa. Amma aiken mutum mai sanda, wanda ya girme ka da shekara 15, ga yara a shagon, wannan rashin tunani ne, ko da ba da mugunta ya yi ba. Ka je wurin Yaya ka ba shi haƙuri, kai ne ƙarami. In daga baya ka ga gyaran wayar kake so, gemu ba ya hana ilimi, sai Yaya ya zauna da yaron a yi sharaɗi: koyo ka zo, ba aike ba. Sai dai ni a ganina kana da abin da ya fi wannan kusa.

Na ce zan dawo kan sanin hanya da sanin mutane. Ƙafa aka yanke maka, ba a yanke shekara 17 ɗin ba. Ka san albasar da ke jure tafiya da wadda ke ruɓewa kafin Techiman. Ka san wane dillali a Galmi ko Madawa ke cika buhu da gaskiya, wane ke sa manya a baki. Ka san direban da in ya ce Laraba to Laraba ce, da wanda zai tsaya kwana biyu a Bolga wurin budurwa. Ka san abin da ake biya a kowane shinge da wanda ake yi wa magana in mota ta maƙale. Lambobinsu suna cikin wayarka. Mai kuɗin da zai zuba dukiyarsa a kayan da ke lalacewa cikin kwanaki yana bukatar mutum irinka fiye da yadda kake tsammani. Zangon nan namu ma a kan wannan aka gina shi. Tun zamanin kasuwar goro ta Salaga, fatake ke tafiya, amma fatoma da dillali, waɗanda ke zaune wuri ɗaya suna saukar da baƙi suna haɗa mai saye da mai sayarwa suna karɓar la'ada, su ne suka riƙa gina gidaje. Mahaifina a kan buzu ya yi dillancin goro har ya tsufa, ban taɓa ganin ya ɗaga huhu ɗaya ba.

Ka zaɓi Alhazai uku daga cikin waɗanda ka daɗe kana ɗauko wa kaya, waɗanda suka san amanarka. Kada ka kira su da muryar mai neman taimako. Ka ce: Alhaji, na daina tuƙi amma ban bar hanya ba, bari in nemo maka mota, in bi maka kayanka ta waya daga lodi har sauke, ka ba ni la'ada. Ɗaya zai ce sai ya yi tunani, ɗaya ba zai ɗauka ba, mai yiwuwa ɗaya ya gwada ka da mota guda. Ita muke nema. Kasuwar albasa tana da shugabanninta da dillalanta na da, don haka kada ka faɗa musu daga sama. Ka je ka gaida shugaba, ka raɓu da wani babba ka fara a ƙarƙashinsa. Kuma a watannin farko kada ka karɓi kaya bashi da sunanka, komai daɗin ribar da aka nuna maka, domin mota ɗaya in ta ruɓe za ta mayar da kai bayan inda kake yau. Ka fi ni sanin yadda hanyar Burkina ta lalace da rashin tsaro, da yadda rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya hargitsa kasuwar albasa. To kada ka jingina da ita kaɗai. Doya da masarar Techiman ma mota suke nema.

In wannan bai kama ba, akwai Magazin. Mutumin da ya shekara 12 yana jin kukan inji ya san abin da ke damunsa zai iya zama a shagon kayan gyaran manyan motoci, kuma direbobin da suka san shi za su biyo shi. Tuƙin kansa ma bai rufe ba. Ƙafar hagu kuloci take takawa, ƙaramar mota mai canza giya da kanta ba ta da shi, pragya kuwa, wato keke mai ƙafa uku, giyarsa da kulocinsa a hannu suke. Sai dai wannan sai bayan likita da hukumar lasisi ta DVLA sun duba ka sun amince, kuma sai in zuciyarka ta karɓa. Akwai direbobin da bayan haɗari irin naka ko ƙamshin dizal ba sa so, ba abin kunya ba ne.

Duk wannan zai fi sauƙi da ƙafar roba, kuma ban ji ka ambace ta ba. Wanda aka yanke a ƙasan gwiwa shi ya fi saurin sabawa da ita, da yawa suna tafiya ba sanda. Akwai cibiya a Nsawam, Orthopedic Training Centre, da ke ƙera su tun 1961, mutane daga ko'ina a ƙasar nan suna zuwa. Ka tambayi likitanka ko dungun ya kai a auna, ya rubuta maka takarda. Kafin nan ka bi abin da masu gashin ƙashi na asibiti suka koya maka na naɗe dungun da miƙe gwiwa, domin gwiwar da ta daɗe a lanƙwashe takan ƙage, ta hana ƙafar zama daidai. In kana jin zafi ko ƙaiƙayi a yatsun da babu su, ba aljanu ba ne, ba kuma sammu ba, jijiyoyi ne, yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna ji. Kada wani ya karɓe maka kuɗin ƙafa da sunan cire shi.

Kuɗin kuwa, ga inda za a fara nema. Mai motar nan shi ma ya yi asara, mota ta tafi, kaya sun tafi, wataƙila bashi ya yi masa katutu, kunya ce ta hana shi ɗaukar waya. Ina yi masa wannan uzurin. Amma uzuri ba ya share hakki. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 1987 da ta ɗora wa mai aiki biyan wanda ya ji rauni a bakin aikinsa, kuma ofishin Leba ne ke bin irin wannan magana. Ka fara da sulhu: shugabannin ƙungiyar direbobi na tasharku da limamin unguwa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa su kira shi a zauna, a duba har takardar inshorar motar a ga abin da ta tanadar wa direba. Amma kada ka jira sulhu ya ƙare kafin ka je ofishin Leba, domin irin wannan neman yana da wa'adi a doka, kai kuma ka riga ka ci wata 11. Ka tafi da rahoton 'yan sanda, takardun asibiti, rasiɗai, saƙonnin MoMo da ke nuna yana biyan ka albashi, da yaron motarka a matsayin shaida. In abu ya kai ga lauya, hukumar Legal Aid tana da ofis a Kumasi, tana tsaya wa marasa hali. Kada ka dangwala yatsa a kowace takarda sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka ita. Wasu za su ce maka ƙaddara ce, ka bar shi da Allah. Haɗarin ƙaddara ne, diyyar kuma hakkin 'ya'yanka huɗu ce, ba taka kai kaɗai ba balle ka yafe don kunya.

Sai kuma gwamnati. Tun 2006 akwai dokar masu nakasa, kuma a cikin kuɗin da ake raba wa ƙananan hukumomi, wanda ake kira Common Fund, an ware musu wani kaso. Aboabo a ƙarƙashin Asokore Mampong take, ka je ofishin jin daɗin jama'a na can ka yi rajista ka cika takardar nema. Ana ba wasu jari, wasu keken ɗinki ko firiza, wasu kuɗin magani. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana da jan ƙafa, za ka yi zarya. Ka sa takardar ka ci gaba da harkarka, in ya fito ya tarar da kai a hanya. Ka tambaye su kuma batun katin inshorar lafiya na gidanka, ka shiga ƙungiyar masu nakasa ta yankin, domin su suka san ranar da ake rabo da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma a cikinsu za ka ga wanda ya riga ka shiga wannan hali da shekara goma yana dariya da ƙafar robarsa.

Batun bara, a'a. Ba na raina masu yi, wasu ba su da gwiwar da kake da ita, ba su da yaya, ba su da mace irin taka. Amma wanda ya ce maka akwai inda ba a san ka ba a Akra bai san zango ba. Daga Nima zuwa Sabon Zango zuwa Madina gida ɗaya ne da Aboabo, kuma direbobin da kuka yi shekaru kuna cin tuwo tare su ne za su tsaya a danjar. Kafin sati ya zagayo labari ya iso makarantar 'ya'yanka. Abin da ya fi wannan muni, Alhajin da ya gan ka da kwano ba zai sake ba ka amanar mota ba, ka sayar da jarinka kenan a kan kuɗin yini. Ka san hadisin wanda ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar. Neman ƙafar roba a wurin mai zakka, ko jari sau ɗaya a wurin ɗan'uwa, wannan daban ne, irin wasiƙar keken nan ce, kuma ka cancanta.

Ba na so ka ɗauki duk wannan a rana ɗaya. Daren yau na matarka ne. Gobe ko jibi ka je wurin Yaya, ka roƙe shi ya raka ka ofishin Leba ranar Litinin, don ina zaton abin da yake jira kenan, a nemi shi. Wayar Alhazan kuma ka yi ta da safe, bayan ka karya, lokacin da muryarka ta fi ƙarfi. Bayan wata uku ka sake rubuto mini, ina son in ji abin da mai motar ya ce a gaban dattawa, da ko an auna ƙafar. Ka gaida mai ɗakinka da yaran.